Birkin Surukina

Tun da idona ya fara yi mini gardama na ajiye sifana, amma ban bar zuwa rumfa ba. Da hantsi nakan ja kujerata in zauna a gefen titi nan Kalgo, ina kallon yaran da suka gaje mu suna abin da suke kira gyara. Ba na sa musu baki, don na lura idan tsoho ya yi magana a rumfar kanikanci yanzu sai a ce masa "haka ne, Baba," a ci gaba da abin da ake yi. Kwanan baya wani ɗan kabu-kabu ya turo babur yana ƙorafin tayar gaba tana riƙewa. Tun daga inda nake zaune na jiyo kukan, wannan shuu-shuu da birkin faifai yake yi idan ya ƙi sakin taya. Wanda ya karɓi aikin bai ko juya tayar ba, bai kai hannu ya ji zafin faifan ba. Ya kwance birkin gaba ɗaya ya jefa a buhun 'yan gwangwan, ya aika shago aka kawo sabo a kwali. Kafin shayina ya huce an gama. Ban ce aikin bai yi ba, ya yi. Amma har mai babur ya biya ya tafi, babu wanda ya san abin da ya sami birkin nan, kuma babu wanda ya damu ya sani.

Mu ba haka muka tashi ba. A Gwandu na koyi aiki, a gindin wata tsamiya da yanzu ko kututturenta babu. Maigidanmu mutum ne gajere mai ƙaton ciki da ɗan ƙaramin haƙuri, amma kunnensa ya fi na kowa a garin. Na daɗe a wurinsa ban taɓa sifana ba. Aikina shara, ɗebo ruwa, wanke notoci a tsohon kwanon sha da kananzir, da bugun famfo har kafaɗa ta mutu. Har yau idan na rufe ido ina jin ƙarar wurin: guduma a kan ƙarfe, rediyon mai faci da ba ya kama tasha sai an dafa shi, kukan jakunan masu kawo itace, da tarin Maigida wanda yake gaya mana ya kusa tun kafin ya ɓullo kwana. Idan aka kawo babur, kafin a taɓa komai sai ya sa mu yi shiru. Ya ɗaga gaba ya juya taya ya karkata kai. Ya kai bayan hannu ya ji inda ya yi zafi. Ya dangwali mai ya murza ya sansana. Idan ya ga ɗayanmu ya yi wuf ya ɗauko sifana, sai ya ce, "Aje. Ba ka tambayi abu mi ka damunai ba, za ka yanka shi?" Mun sha ranƙwashi a kan wannan, kuma ni na fi kowa sha, don ina da gaggawa.

A lokacin birkin babura duk na ganga ne, takalman birki biyu a ciki da waya da noti ɗaya. In ya kama da yawa ka sassauta, in ya saki ka ɗaure, ko makaho ya iya. Maganin kowace cuta kuwa baƙin mai ne, wanda aka juye daga inji. A shafa wa sarƙa, a ɗiga wa waya, a zuba wa duk abin da ke motsi. Mutanenmu sun yarda cewa babur ɗin da ya bushe mai shi ne malalaci. Za ka ga magidanci ya fito da gwangwani da gashin kaza ranar Juma'a da safe yana bin abin hawansa gaɓa-gaɓa, kuma a gaskiya baburan wancan zamani ba su ƙi hakan ba.

Da na yi aure Maigida ya sallame ni, na dawo Kalgo na kafa rumfata. Matata 'yar Fulanin da ke zaune a bayan Gwandu ce, masu noma da kiwo. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Baffa, dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya kama shi da magana biyu ba. Yaran yanzu ba za su gane yadda muke da shi ba. Ina ganinsu suna goya surukansu a babur suna hira har da tafawa, wani ma ya kira surukinsa a waya yana kwance. Ni idan na hango Baffa a hanya, sai in sauka in tuɓe takalmi in durƙusa a gefe, shi kuma ya wuce yana amsa gaisuwar yana duban wani wuri. Ban taɓa cin abinci a inda zai gan ni ba, ban taɓa shan ruwa a gabansa ba, ban san launin ƙwayar idonsa ba. Ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce, kuma shi ma nauyina yake ji kamar yadda nake jin nasa. Duk abin da zai faɗa mini sai ya bi ta bakin babban ɗansa, yayan matata, wanda ni ma nake kira Yaya. Shi Yaya Allah ya ba shi bakin da ya hana mahaifinsa.

Wata shekara Baffa ya sayar da bijimi ya sayi wani tsohon babur babba, irin wanda ya sha hannu kafin ya iso ƙasarmu. Abin da ya sa mutane ke taruwa a kansa shi ne birkin gaba. Babu ganga, babu waya. Wani faifan ƙarfe ne a jikin taya, da wani dunƙule da ke cizonsa, da tiyo da ya hau har hannu, inda aka ɗora wani ɗan akwati mai ɗauke da mai. Ka matsa hannu, mai ya tura takalman su kama faifai. Ka saki, mai ya koma akwati, su saki. Ni na taɓa ganin irinsa sau ɗaya a wurin Maigida, don haka nake ji da kaina. Ba a daɗe ba sai ga Yaya ya kawo shi rumfata yana haki.

"Baffa ya ce a hwaɗa maka wanga abu ba ya son tahiya," in ji shi. "Shina ja kamar an ɗaure mai ƙahwa. In ka iya, to. In ba ka iya ba, ka hwaɗi tun da wuri."

Na yi yadda aka koya mini. Na ɗora gaban a kan turmi na juya taya, ta yi rabin zagaye ta tsaya. Na kai bayan hannu, faifan kamar kaskon waina. Na girgiza tayar hagu da dama ko boris ɗin da take juyawa a kai ne, shiru, lafiyarsa lau. Na riƙe alli kusa da faifan na juya ko ya lanƙwashe, layin ya fita daidai. Sai na kwance ɗan notin da ake fitar da iska a jikin dunƙulen. Mai ya yi tsartuwa, nan take taya ta saki ta yi ta juyawa. Wannan ya gaya mini ciwon ba a ƙasa yake ba, mai ne yake zuwa ba ya samun hanyar komawa. Na buɗe ɗan akwatin na dangwala na kai hanci. Man birki fari ne garau mai wani ɗan wari nasa, wannan kuwa baƙi ne mai kauri, warin inji kawai yake yi. Da na fito da robobin ciki sai na tarar sun kumbura kamar waken da ya kwana a ruwa, sun toshe 'yar ƙofar da mai ke komawa ta ciki. Na ɗauka wanda ya sayar da babur ɗin ne ya yi wannan aika-aika, har na zage shi a gaban Yaya. Na sha yawo kafin in sami robobin, na wanke komai, na zuba man ƙwarai, na mayar da babur ina jin na fita kunyar surukina.

Wata bai cika ba sai ga shi ya dawo da ciwonsa. Na buɗe akwati, baƙin mai. Na tambayi Yaya, kamar ba da wata manufa ba, wa ke buɗe wannan wuri.

"Wa ka taɓa shi in ba Baffa ba? Ko mu ɗiyanai ba mu isa ba. Dut sahiya sai ya shahe shi da tsumma ya ba shi mai ko'ina, har ɗan akwatin ga bai bari ya yi ƙishi. Ya ce dabba ko ƙarhe, dut abin da anka bari da ƙishi lalacewa shikai."

Sai na tuna zagin da na yi wancan karon, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe tsohon da ke shafa wa sandarsa man shanu, yake bin garkensa ɗaya bayan ɗaya yana duba kofato, haka ya ɗauki babur ɗinsa. Kulawa ce take kashe birkin. Na yi ta kewaye-kewaye har na fito wa Yaya da maganar, na roƙe shi ya gaya wa Baffa. Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa.

"In na hwaɗa mai, cewa za shi yi wa yac ce? In ce surukinka yac ce kai ka ɓata abinka? A'a. Wanga saƙo ya hi ƙarhina."

Na kai wa matata, ta rufe baki da gefen mayafi ta ce ita ba ta ji ba ma. Da abin ya ishe ni na hau mota na tafi Gwandu wurin Maigida. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce in sayi gwangwanin man birki na ƙwarai in ba matata ta kai tsaraba. "Ta ce man manyan babura na, ba a gama shi da wani. Ba ka ce ya yi kuskure ba, ba ka ce bai yi ba. Tsoho ya samu abin zubawa, kai ka samu lahiya." Na ga hikimar abin, na yi haka. Baffa ya aiko da godiya da ƙwaryar nono, birki ya zauna lafiya har muka shiga bazara.

Da zafi ya kankama ciwo ya dawo da sabuwar fuska. Da safe babur lafiya lau, da rana ta take sai ya fara ja. Yaya ya kawo, na buɗe, man fari ne tas, amma an cika shi har baki, ko ɗigo ba zai ƙara shiga ba. Shi kuwa wannan mai idan ya ji zafi ƙaruwa yake yi, yana son a bar masa sarari. In ya rasa inda za shi sai ya tura takalman su dafe faifai, faifai ya ƙara zafi, mai ya ƙara ƙaruwa, haka har taya ta kafe. Na tsane kaɗan da tsumma na mayar. Aka sake kawowa, na sake tsanewa. Tsoho yana ganin abinsa ya ragu sai ya cika, kuma da gwangwanin da ni na aika masa yake cikawa. Gari kuwa ya ɗauka. Masu babura suna wucewa ta gaban rumfata su kai aiki gaba, in ji suna cewa wanda ya kasa da na surukinsa ina zai iya da na bare. Wannan ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya hana abinci yi mini daɗi shi ne na san abin da tayar gaba ke yi wa mutum idan ta kafe a cikin rairayi yana gudu. Kullum ina cewa gobe zan sami hanyar gaya masa, kullum hanyar ba ta samuwa.

Ranar wata kasuwar Kalgo, bayan azahar, rumfata cike da 'yan kabu-kabu masu shan inuwa, sai na hango su. Yaya ya ɗaga gaban babur yana ja, Baffa yana turawa ta baya. Gefen rigarsa duk ƙasa, rawaninsa ya karkace, gwiwar hannunsa ta goge tana tsattsafar jini. Sun taho cinikin shanu ne, taya ta kafe musu a bakin gari ta zubar da su. Allah ya taƙaita, ba su da gudu. Baffa bai taɓa taka rumfata ba sai ranar. Na tuɓe takalmi na durƙusa, ya amsa yana duban titi, ya je ya zauna a kan wani gungume a gindin bishiyar maƙwabcina, ya ba mu rabin baya.

Na tofa yawu a faifan, ya yi cuu. Na kwance ɗan notin, mai ya yi tsartuwa, taya ta saki. Na buɗe akwati, ga shi nan har baki. Mutane sun kewaye ni, kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ɗaga murya ya ce wa Baffa, "Baba, ku kai shi Birnin Kebbi wurin waɗanda sunka iya, kahin a kashe ku." Wani ya ce, "Kai, yi sannu, surukinai na," aka kwashe da dariya. A nan wata dabara ta faɗo mini, na ga kamar Allah ne ya kawo ta. Na miƙe na yi magana da ƙarfi yadda za ta kai gindin bishiya, ina duban Yaya.

"Yaya, laihina na. Ni nac cika shi wancan karon, na mance. Wanga akwati ba a cika shi baki, sai an bar mai wuri, don in ya ji rana ƙaruwa shikai ya kama taya. Hannuna na yay yi yawa. A ba Baffa haƙuri."

Dariyar da aka yi har mai rake na tsallaken titi ya waiwayo. Wani ya ce ashe ni ke ɗaurewa ni ke kwancewa. Na sunkuya ina tsane man, na san sunana ya gama lalacewa a garin nan. Amma a ƙasan raina ina cewa ba komai, saƙo ya isa, tsoho ya ji, kuma babu wanda ya san shi ne. Har ina yaba wa kaina.

Sai na ji dariyar tana mutuwa daga baya-baya. Na ga ƙafafunsa a gabana, da takalmin robarsa mai ƙura.

"Ku bar dariya," in ji Baffa, da muryar nan tasa da ba ta tashi. "Yaron ga bai cika komi ba. Ni nac cika shi yau da sahe da hannuna. Ni ka cika shi tun randa nas saye shi. Baƙin man da anka iske ciki can baya ma, ni naz zuba."

Waɗanda suka yi dariya suka fara duban ƙasa, wani ya tuna yana da fasinja. Ni kuwa da ma dariyar aka ci gaba da yi mini. Ban yi lissafin cewa mutumin da bai saba da ƙarya ba ba zai zauna a rufa masa asiri da ita ba. Na so in hana shi jin kunya a gaban mutum ɗaya, a cikin gida, ta bakin ɗansa, sai ga shi na ja shi ya tsaya da furfurarsa da rigarsa mai ƙasa yana faɗin kuskurensa a gaban yaran da ba su kai ya gaisa da su ba. Kuma don ya wanke ni ya yi.

Bai koma gungumensa ba. Ya juyo gare ni, ni kaina, ba Yaya ba.

"Tun yaushe kas sani?"

Ina durƙushe da tsumma a hannu, ina kallon jinin da ya bushe a gwiwar hannunsa. Ya jira, da ya ga ba amsa sai ya ja numfashi ya ce, "To. Taso ka gwada min inda aka tsayawa."

Na taso. A jikin ɗan akwatin akwai wani siririn layi da maƙeransa suka yi, yana nan tun ranar da aka kawo babur ɗin. Na share shi da babban yatsa. Baffa ya sunkuyo har gefen rawaninsa ya taɓa kafaɗata, na ji ƙanshin hayaƙi da nono a jikinsa. Ya sa farcensa a kan layin.

"Nan?"

"Nan, Baffa."

Ya yi shekaru yana hawan babur ɗin bayan haka, birkin bai sake kamawa ba. Muka koma yadda muke, ina durƙusawa a gefen hanya yana wucewa yana duban wani wuri, har Allah ya karɓi abinsa. In ban da gaisuwa, kalmomin nan biyu su ne duk abin da na taɓa faɗa masa baki da baki, kuma sai da ya zubar da jini kafin na iya faɗarsu.